"To" ɗin da ba "to" ba: yaya ake ce wa babba a'a?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a yi mini a hankali, na riga na san ni ne da laifi.

Shekarata 14 ina ɗinki, keke huɗu gare ni da yara uku a shago. A azumin da ya wuce, tun goma ga wata littafina ya cika. Ni nake yanka, saboda haka na san iya abin da hannunmu zai fitar kafin sallah. Ranar 23 ga azumi, bayan la'asar, sai ga wani Alhaji, aminin mahaifina ne marigayi, tun ina yaron shago yake ba ni aiki. Ya ajiye leda a kan teburin yanka: shadda kala biyar, biyu nasa, uku na samarin gidansa, duk da aikin wuya. Ya ce, "Ɗana, ga na sallah." Wallahi ina ji bakina ya ce, "To Baba, in sha Allahu," alhali zuciyata ta san ko aljanu na ɗauka aiki ba za mu gama ba.

Daren sallah ya turo direba. Nasa biyun na gama, na yaran ko almakashi ban sa ba. Na ba da biyun, na ce wa direba ya jira kaɗan, na zame ta ƙofar baya, na kashe waya. Tun daga ranar ban yarda mun haɗu ba. Juma'ar da ta wuce na hango shi a masallaci, sahu na sauya.

Ga babbar sallah saura sati uku, littafi ya kusa cika, kuma na san wani irinsa zai sake shigowa. Yaya mutum yake ce wa wanda ya haife shi "ba zan iya ba"? Kuma shi Alhajin ta ina zan ɓullo masa?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam tela ka yi haƙuri, amma ku ne masu sa yara kuka ranar idi. Bara 'yan biyuna da tsofaffin kaya suka je gaida kakarsu. Sau huɗu ina aika yaro, sau huɗu ana ce masa "gobe da yamma." Da tun ranar da na kai atamfar ya ce mini aiki ya yi masa yawa, da na kai wani wuri, ko na shiga kasuwa na sayo na kanti. Shi a ganinsa kara ya yi mini. Ni kuwa kwana ashirin ya cinye mini, kuma har yau ban sake taka shagonsa ba.

Bazazzagi:
Kada a ɗora wa kunya laifi. Bakano ne ya ga shadda kala biyar, lissafin kuɗin ya hana shi magana 😂

Telan Fagge:
Kai Bazazzagi, wannan Alhajin ko kafin alƙalami ban taɓa karɓa a hannunsa ba. Ka bari manya su yi magana, in an gama sai a kira ku ku kwashe kwanuka.

Baba Ɗan Fansho:
Yaro, sannu. Kafin a yanke maka hukunci bari tsoho ya ce wani abu, don ina ganin Hajiya ta ɗauki gefe ɗaya.

Mu da muka tashi, "to" iri-iri ce, kuma kowa ya san su. Akwai gajera, wadda ake faɗa ana kallon idonka, wannan an amsa. Akwai mai ja, "tooo," mutum yana kallon ƙasa yana sosa ƙeya, wannan ƙi ne aka sa masa riga. Akwai "bari mu gani," akwai "sai na yi shawara," akwai "Allah ya kai mu." Idan ka aika neman aure aka ce wa wakilanka yarinya tana karatu tukuna, ba wanda zai koma bayan wata shida ya tambayi ko ta gama. An rufe ƙofa, kuma ba a kunyata kowa ba. Gobe za ku haɗu a jana'iza ku gaisa lafiya lau.

Wato magana a wurinmu aikin mutum biyu ce. Mai faɗa yana sassautawa, mai ji kuma yana tsinta. Shi ya sa aka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Alhajin nan dattijo ne, ya san 23 ga azumi ba ranar kai ɗinki ba ce, ya kuma ga tarin yadin da ke shagon. Ya san nauyinsa da kake ji, da shi ya yi ciniki. Ban wanke ka ba, kashe wayar nan abin kunya ne. Amma ni ban yarda a ce maganin abin shi ne yaranmu su koyi gatsa wa manya magana ba.

Maman 'Yan Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma, to ni da yaro nake aikawa, fuskar wa zan tambaya?

Ɗalibar Jarida:
Baba, da girmamawa, tambayar Anti ita ce gaba ɗayan zancen. Wancan tsarin yana aiki ne in ana zaune gaba da gaba, kuma duk an tashi a gari ɗaya an san karin juna. Yau rabin maganarmu a waya take. "To" a rubuce harafi biyu ne, ba ta da tsawo, ba ta da sosa ƙeya. Ni kaina na taɓa rubuta wa yayata "to" ina nufin na ji, ta kwana tana fushi wai na yi mata gatse.

Sannan a aji an karanta mana abin da Kirk-Greene ya rubuta a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Baturen nan ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a jami'ar Oksfod ta Ingila. Siffofi goma ya lissafa. Kunya tana ciki, ladabi yana ciki, amma gaskiya da amana ma suna ciki. Kenan ko a ma'aunin kakanninmu, ba a yarda kunya ta cinye amana ba.

Ɗan Kwari:
Ai shi ya sa a wani taron horar da 'yan kasuwa aka ce mana kalmomi kashi 7 ne kacal cikin ɗari na magana, murya 38, fuska da jiki 55. Baba yana da gaskiya.

Ɗalibar Jarida:
Yaya, wannan lissafin ana yawan juya shi. Daga gwajin wani masani ne, Albert Mehrabian, a Amurka a 1967, kuma abin da ya gwada ƙarami ne: a faɗi kalma ɗaya tak, murya ko fuska su saɓa mata, a ga wanne mai sauraro zai gaskata game da yadda mai maganar yake ji a ransa. Shi kansa ya yi gargaɗin kada a shimfiɗa shi a kan kowace magana. In da kalmomi kashi 7 ne, da ka fahimci labaran rediyon Sin ba tare da sashen Hausa ba. Ranar da za a karɓi ɗinki, fuska ba ta faɗarta, sai baki.

Ɗan Kwari:
Na karɓi gyara. Kuɗin taron nan dai ya tafi.

Malamin Islamiyya:
Bismillah. Malam tela, Allah ya saka da alheri da ka fito ka faɗa, ba kowa ke iyawa ba.

Abu na farko, "in sha Allahu." A Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, an umarce mu da faɗinta a kan abin da muka yi niyyar aikatawa gobe, domin ikon cikawa ba a hannunmu yake ba. Mu kuma mun mayar da ita ƙofar baya. Har ta kai in ka ce wa yaro in sha Allahu sai ya ce, "A'a Baba, ni dai ka ce eh." Yaro ya gane mu. Wanda ya faɗe ta yana sane ba zai yi ba, ya jingina saɓa alkawarinsa ga sunan Allah, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Kuma kowa ya san hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafunci uku. Ban ce kai munafuki ne ba, Allah ya tsare, ina nuna nauyin abin ne.

Na biyu, Baba ya yi gaskiya cewa ba a gatsa wa mutane magana. Annabi Musa da Annabi Haruna ma, da aka aike su wurin Fir'auna, magana mai laushi aka ce su yi masa, yana nan a Suratu Ɗaha aya ta 44. Amma a duba Suratul Isra'i aya ta 28. Tana magana ne a kan mai buƙata ya zo maka ba ka da abin ba shi. Ba a ce ka yi masa alkawarin ƙarya ba, ba a ce ka ɓuya ba, cewa aka yi ka faɗa masa magana mai sauƙi. Wato a'a tana nan, laushi ne aka ɗora mata.

Kunya kuwa alheri ce. Sai dai Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Wadda take hana mutum faɗin gaskiyar da wani zai cutu in ba a faɗa ba, malamai ba su kira ta kunya ba, rauni suka kira ta.

Baba Ɗan Fansho:
Allah ya gafarta Malam, ban ja da aya ba. Amma a koya wa yaron yadda zai faɗa, domin "magana mai sauƙi" ɗin nan ita ce ba a iya ba yanzu.

Ɗan Kwari:
Wannan kam fagena ne, don kullum sai an zo mini neman bashin yadi, kuma yawanci 'yan uwa ne da abokan Baba. Shekara uku na yi ina cewa "to" har jarina ya kusa karyewa. Ga yadda nake yi yanzu.

Ba na amsawa a tsaye. In babba ne sai na sauko daga kan benci, na ba shi wurin zama, na aika a kawo ruwa, mu gaisa sosai, gida da iyali da jiki. Sai na bar shi ya gama faɗin abin da ya kawo shi har ƙarshe, ba na katse shi ko da na san inda ya dosa. Mutum in bai gama magana ba aka ce masa a'a, raini yake ji. In ya gama aka ce masa a'a, rashin sa'a yake ji.

Sannan ba na fara wa da "ba zan iya ba." Da halin da ake ciki nake farawa, kuma abin da ido zai gani. Kai tela littafinka shi ne shaidarka. Buɗe shi a gabansa: "Baba, dubi, mutum arba'in ne a gaba, duk na karɓi kuɗinsu. In na ce maka eh ƙarya zan yi maka, kuma kai ba wanda zan yi wa ƙarya ba ne." Wannan jimlar ta ƙarshe tana aiki ƙwarai, don ka mayar da ƙin ya zama girmamawa. Daga nan kada ka sake shi hannu rabbana: "Naka biyu zan kwana in yi. Na yara in kai su wurin wane da kaina, hannunsa yana da kyau, ko a bari sai bayan sallah da kwana biyar." Ka ba shi zaɓi ya ɗauka da bakinsa.

Wanda na ba bashi kuma sai mun rubuta. In ya ce haba, tsakaninmu? Sai in ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ni wa? Dariya ake yi a sa hannu.

Bazazzagi:
Kun gani ko, Bakano har aya ya haddace saboda kuɗinsa.

Nas Mai Aikin Dare:
Ni ta ɗaya gefen zan shigo, gefen wanda ake ce wa "to." A asibiti ita ce kalmar da ta fi ba ni tsoro.

Wata tsohuwa aka kawo mana da hawan jini. Da za a sallame ta na zauna na yi mata bayani: wannan ƙwaya ɗaya da safe kullum, ko kin ji sauƙi kada ki daina. Tana ta "to 'yar nan, to, Allah ya yi albarka." Na ji daɗi na ce ta gane. Bayan sati biyar aka dawo da ita ranga-ranga. Ashe da ciwon kan ya tafi ta ajiye maganin, a ganinta irin na zazzaɓi ne. Da na tambaye ta me ya sa ba ta ce ba ta fahimta ba, sai ta ce, "Na ga kina sauri, ga mutane a layi, kar in ɓata miki lokaci." Kara ta yi mini, ta kusa rasa ranta.

Tun daga nan na daina tambayar "kin gane?" domin amsarta ɗaya ce a ƙasar Hausa. Sai in ce, "Iya, in kin koma gida jikarki ta tambaye ki yadda za ki sha, me za ki ce mata? Faɗa mini in ji ko ni na yi bayanin daidai." Kun ga laifin na ɗora wa kaina, ba jarrabawa nake mata ba. Wallahi a nan ake jin abin mamaki. Wani zai ce uku da safe, alhali sau uku a rana aka ce.

Malam tela, kai ma in kun gama magana da mai kaya, maimaita da ƙarfi: kala biyu, ranar Laraba, bayan la'asar, haka ne? Ka rubuta yana kallo.

Malamin Islamiyya:
Madalla da wannan. Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta.

Amaryar Bana:
Tunda ana zancen, don Allah a taɓo masu saƙon murya na minti tara. Minti huɗu gaisuwa, minti uku labarin wanda ba ka sani ba, abin da ake so yana can ƙarshe. Tun da WhatsApp suka kawo saurin sauraro a 2021 nake sa dangin mijina a kan ninki biyu, Allah ya yafe mini. Da masu habaici a status. Kin yi wa mutum laifi ba zai kira ki ba, sai ki ga ya ɗora "wasu mutane dai sai Allah." Mutum ɗari biyu su gani, ashirin su tsargu, wadda aka yi dominta ba ta ma da data.

Maman 'Yan Biyu:
😂 Amarya kin fama mini ciwo. Amma ai duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su da tela, tsoron fuskantar mutum ne.

Baba Ɗan Fansho:
Habaici da can a tsakar gida ake yinsa, wadda ake yi wa tana jin ki, tana iya ramawa, uwar gida kuma tana nan ta raba. Gaisuwa kuwa 'yata kada ki raina ta. Ita take gaya miki halin da mutum yake ciki kafin ki sauke masa buƙatarki. Sau nawa na je da magana, daga "yaya gida" na ji an ce yaro ba lafiya, na mayar da maganata aljihu sai wani jiƙon.

Mai Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Saura ta biyun: yaya zai yi da Alhaji?

Amaryar Bana:
Ya tura masa saƙon ban haƙuri mai kyau, in ya ga ya sauko sai ya je.

Ɗan Kwari:
A'a Amarya. Aminin uba ba a ba shi haƙuri ta waya, ƙara laifi ne. Da ƙafa ake zuwa.

Maman 'Yan Biyu:
Kuma kada ya je hannu rabbana. Ya ɗinke ukun nan tsaf, a goge, a ninke, ya riƙa. In ya je da baki kawai, wani alkawarin zai sake ɗaukowa.

Baba Ɗan Fansho:
Hajiya ta faɗi daidai. Ƙari a kai, kada ka je kai kaɗai. Nemi ƙanin mahaifinka ko wani sa'an Alhajin ya yi maka jagora, shi zai buɗe maganar, kai kana ƙasa. Amfanin haka, Alhaji zai samu wanda zai yi wa ƙorafi ba tare da ya zubar da girmansa yana faɗa da ɗan cikinsa ba. Ku je bayan la'asar ko bayan isha'i, ba lokacin da yake shirin fita ba. In aka ba ka dama, faɗi laifinka da sunansa: na karɓa na san ba zan gama ba, na gudu, na kashe waya. Kada ka kawo zancen wuta, kada ka ce yara ne suka ƙi zuwa aiki. Da ka ce "amma," haƙurin ya zube. In ya yi faɗa ka yi shiru har ya gama.

Ɗalibar Jarida:
Baba, kun ga ku ma yanzu cewa kuka yi ya faɗa ƙarara, ba "tooo" ba 😊

Baba Ɗan Fansho:
Ja'ira. Wajen amsa laifi ai ba a kwana-kwana. Wajen ƙin buƙatar babba ne har gobe nake cewa a sa wa magana riga.

Telan Fagge:
Salamu alaikum, na dawo da bayani, kwana huɗu ke nan. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Na ɗinke ukun, jiya bayan isha'i muka je da Kawuna. Kawu ya yi magana, na faɗi nawa yadda Baba ya ce, ban sa "amma" ba ko da yake sau biyu tana zuwa bakina. Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Can ya ce kayan ba su dame shi ba, yaran suna da wasu. Ya ce direbansa ya zauna a ƙofar shagona har aka yi kiran assalatu, saboda na ce masa ya jira, kuma bawan Allah nan ya kusa rasa idi. Wannan ban sani ba sai jiya. Ya ce, "Ubanka bai taɓa ɓoye mini fuskarsa ba, ko ranar da yake riƙe da kuɗina." Wallahi da ya mare ni ya fi mini sauƙi.

Ya ce ya yafe, ya sa aka kawo mana lemo, ya sa mini albarka. Bai ce komai a kan ɗinkin babbar sallah ba, ni ma ban tambaya ba. Direban na nema na ba shi haƙuri daban.

Sai kuma yau da safe, matar maƙwabcinmu ta shigo da yadin yaranta kala uku. Na ba ta kujera, muka gaisa, na bar ta ta gama, na buɗe mata littafi kamar yadda Ɗan Kwari ya ce. Na ce ɗaya zan iya kafin sallah, biyu sai bayanta, ko in haɗa ta da wani. Gabana yana faɗuwa kamar na yi sata. Ta dubi littafin, ta dube ni, ta ce "to," ta mayar da yadinta cikin leda duka ukun ta fita.

Nas Mai Aikin Dare:
Ba ka ce ta maimaita ba?

Telan Fagge:
Anti kafin in tuna ta kai bakin titi.

Baba Ɗan Fansho:
Gajera ta yi, ko mai ja?